Katin Shekarar 2003

A unguwar Lokuwa ta Mubi, idan ka ce kana neman Liyatu Tizhe sai a yi ta kallon juna. Ka ce Sista Ina-Kati, nan take za a nuna maka gidanta. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma 'ya'yana uku duk ta hannunta suka bi, don haka na sha faɗanta har na ƙoshi.

Sunan ya samo asali ne daga wani ƙaramin asibitin coci a Bahuli, inda ta fara aikin jinya a 1999. Mace ta zo awo ko rigakafi, kafin ta zauna Liyatu ta miƙa hannu ta tambayi kati. Idan kika ce kin manta, to ranar kin shiga uku. Idan kin kawo, ta rubuta kwanan wata, ta buga hatimi, ta sa hannunta mai kama da tonon kaza, sannan ta ja miki kunne ki naɗe shi a leda ki ajiye inda kike ajiye abin da ba kya son rasawa. Mun yi gulmarta ba kaɗan ba, amma mun ajiye.

A ƙarshen Oktoban 2014 'yan bindiga suka shigo Mubi, kowa ya kama gabansa. Liyatu ta fita da takardun makarantarta ɗaure a ƙugu. Da muka dawo, asibitin ya zama toka har da fayil-fayil ɗinsa, dattijon da ke shugabantarsa kuma ya rasu a gudun hijira.

Bayan shekara biyu gwamnati ta ɗauki ma'aikatan jinya, sunanta ya fito. Murnar ba ta yi nisa ba. A Yola aka gaya mata cewa ba tare da shaidar aikinta na baya ba, a mataki na bakwai na albashi za a ajiye ta, daidai da wadda ta fito makaranta jiya. Da shaida kuwa, mataki na goma ne. Shekarunta arba'in da huɗu a lokacin, ƙarin girma sai bayan shekara uku-uku, kuma 'yan matan da ta koya wa riƙe allura su ne za su zama na gaba da ita. Jami'in da ya yi mata bayani bai wulaƙanta ta ba. Ya ce ta kawo duk abin da ke ɗauke da hatimin asibitin da kwanan wata da sa hannunta, ko guda ɗaya a kowace shekara, kafin kwamiti ya zauna nan da sati uku.

Ta dawo ta zauna a tsakar gida. Ban taɓa ganin matar nan ba ta faɗa ba, abin ya ba ni tsoro. Ba zan ce dabarata ba ce, katin zaɓe nake nema a ledar da na gudu da ita sai ga katunan 'ya'yana: 2001, 2006, 2010. Na leƙa ta katanga na ɗaga mata su.

Daga nan magana ta bi coci da kasuwa da gidajen suna. Matan ƙauyen Digil suka riƙa biyowa ta gidanta da buhunan wake a Keke Napep kafin su wuce kasuwa. Kowace sai ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu ta tambaye ta ina kati, sannan ta zaro nata. Liyatu ta sha tsiya. Cikin kwana goma aka haɗa shekaru goma sha biyar.

Saura 2003. A shekarar kati ya yanke wa asibitin, a fallen littafin makaranta ta riƙa yi mana rubutu, kuma irin wannan takarda ba ta jure gumi da ruwan mayo, wato kogin da muka tsallake a gudun hijira. Idan aka bar giɓi, ba wanda ya san yadda kwamiti zai ƙirga shekarun.

Ana saura kwana biyu Zenaba ta zo. Matar wani ɗan kasuwa ce daga Borno, 'yarta Hanan zazzaɓi ya kashe ta a hanyar Kamaru tana da shekara goma sha ɗaya. Ta warware leda uku, ta fito da wata 'yar takarda ta 2003 da ta yi laushi kamar tsumma.

"Sista, na Hanan ne," in ji ta. "Ko hoto babu. Shi kaɗai ya rage."

Liyatu ta mayar da hannunta baya, ta ce ta haƙura da shekarar.

"Kai ne ka ce a ajiye, na ajiye," in ji Zenaba da Hausarta ta mutanen Borno. "Ka tafi da shi Yola. Amma ka dawo mini da shi."

Kwamiti ya duba katunan ɗaya bayan ɗaya, ya amince da mataki na goma. Na tari Liyatu a tasha, da na ga fuskarta na ji kamar an sauke mini buhun masara daga kai. Na ce mu je gida ta ci abinci, ta ce tukuna. Muka hau keke zuwa gidan Zenaba, jakar katunan tana rungume a ƙirjinta.

Zenaba ba ta tambayi mataki ba. Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta buɗe ta duba sunan, ta mayar cikin ledojinta uku. Sai a lokacin na ji Liyatu ta sauke ajiyar zuciya.