Kwalbar Binta

Ni dai tun ina yaro wautata ba ta da mafaka. Aji biyu na yi a firamare aka gane ba ni da rabo, amma babbar wautar da na tafka ita ce ranar da na tofa yawuna a kwalbar asibiti na ce na ƙanwata ne.

Lokacin yaƙin basasa ne. Abinci ya yi wuya, ma'aikatan asibiti kuma da yawa sun bar gari. Ƙanwata Binta, 'yar shekara biyar, dasashinta ya kumbura yana jini, bakin yana wari, ko koko ba ta iya sha. Maƙwabcinmu Malam Bukar, mai duba jini da fitsari a asibiti, ya aiko da 'yar kwalba ya ce ta tofa, da safe zai wuce da ita. Binta kuwa in ta motsa leɓe sai kuka. Na ce ai yawu yawu ne, na juya baya na cika kwalbar.

Bayan isha'i muka kewaye murhun kakarmu Iya, kamar kullum, gyaɗa tana gasuwa a toka. Iya Bafulatana ce mai ƙaramar murya, in za ta yi tatsuniya sai ta fara gyara itace. Ran nan ta daɗe tana gyarawa, tana kallona.

Ta ce wai an yi wani marini a Ƙofar Mata da rijiyar rininsa ta lalace, duk zanen da ya tsoma sai ya fito fari-fari yana ɗoyi. Ya tura ɗansa ya ɗebo ruwan a kai wa wani tsoho da ya san baban rini. Ɗan ya ji ƙyuyar sunkuyawa, ya kamfato a kwata, inda ruwan kowa ke haɗuwa. Tsoho ya sansana ya ce ga na mutum goma a ciki, wa zai tuhuma? Aka sake tura shi, ya ɗebo a rijiyar maƙwabci. Tsoho ya ce lafiya lau, a ci gaba da rini. Haka zannuwan mutane suka yi ta ɓaci, sai da tsohon ya zo da kansa ya zura sanda har ƙasa, ya kankaro katsin da ya kwanta a gindin rijiyar, ga mushen ƙadangare.

"Wanda ya ɗebo a rijiyar maƙwabci," in ji Iya, "ba tsohon ya cuta ba."

Na ajiye gyaɗata, na gane da ni take.

Da safe Malam Bukar ya yi sallama, Iya ta riga kowa zuwa zaure. Ta ce kwalbar ta zube. Sannan ta tambaye shi, shin yawun nan ba ko'ina yake zagawa a baki ba? Me zai hana ya taɓa inda ciwon yake? Ta ma hana mahaifiyarmu wanke bakin da gishiri, duk da kunyar warin. Malam ya ce gaskiya ne, tausayin yarinyar ne ya sa ya zaɓi mai sauƙi. Ya naɗa auduga a tsinke ya shafo gefen dasashin, Iya na riƙe da kan Binta. A wannan ya ga ƙwayoyin cutar. Aka yi mata allurai, kafin sati biyu tana gwaguyar rake.

Yanzu jikata tana jami'a, aikinta ke nan: a ɗauki yawu ne, ko dattin gindin haƙori, ko farin harshe. Ta ce kowanne da jama'arsa ta ƙwayoyin cuta, tambayarka ce ke nuna maka inda za ka taɓa. Na ce kakata ta san wannan ba ta taɓa riƙe alli ba, na kwashe labarin na ba ta ina ta hura hanci. Binta na gefe, da jikokinta, tana ɓare goro.

"Yaya," ta ce, "shekara nawa kana ba da labarin nan, ba ka taɓa faɗin cewa ni na roƙe ka ka tofa ba."