Gashin da Ta Bari a Tsagar Bango

Mutanen daji masu bindiga sun shiga ƙauyenmu a bayan garin Mora, suka ƙona shi, suka tafi da matata. Ni ina kasuwar Maruwa ranar, na kai albasa. Wannan kowa a yankinmu yana da irinsa, ba shi zan ba da labari ba. Abin da ba zai bar kaina ba har a sa ni a rami shi ne ranar da na kai gashinta gaban inji.

Bayan abin ya faru na gangaro Garwa. Na yi dako, na yi gadi, daga baya wani direba ya sama mini aiki a ɗakin bincike na jami'a, wanda suke kira labo. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Aikina wanke kwalabe, shara, da ɗaukar kaya. Shugabar wurin wata Dakta ce, 'yar gidan 'yan kasuwar Garwa, ta yi karatu a waje amma Hausarta ba ta karye ba. Ita kaɗai ke ce mini Baba. Ɗalibai Faransanci suke yi a kaina kamar ni ma kwalba ce.

Abin da suke aunawa sunansa izotop. Yadda Dakta ta gaya mini, ruwa ba ɗaya ba ne. Akwai mai nauyi, akwai maras nauyi, ido ba ya rabewa amma inji yana rabewa. Ruwan kowane wuri da nasa tambarin, kuma duk abin da ya sha shi, tambarin yana shiga gashinsa. Shi ya sa muke bin rijiyoyi muna cika kwalabe, muna kuma bin makiyaya muna yankar gashin jelar shanu. Ni nake wanke gashin, in yayyanka shi guntu-guntu, in naɗe kowane guntu a ɗan ƙoƙon ƙarfe da bai kai ƙwayar wake ba. Direba yakan ce, "Kai da ba ka san baƙi ko ɗaya ba, ga shi duk jami'ar nan babu wanda ya kai ka sanin bayan saniya."

Wata rana na ga Dakta tsaye gaban taswira tana nuna wa ɗalibai. Ta juyo ta ce mini da Hausa, "Baba, ka ga saniyar da ka yanka wa gashin jela? Da rani tana bakin Binuwai, da damina ta haura arewa. Gashinta ne ya faɗa." Na ce to. Na ci gaba da shara. Amma tsintsiyar ta yi mini nauyi. In gashin saniya yana faɗin inda take shan ruwa, na mutum fa?

Ban gaya wa kowa ba. Ba ni da wanda zan gaya wa.

Da hanya ta ɗan lafa, aka tura mu ɗebo ruwan rijiyoyin Mora, sojoji a gaba. Ƙauyenmu yana cikin wuraren. Babu kowa sai ƙadangaru. Rufin gidana ya tafi, bango yana nan, rijiya tana nan. Na zura guga na cika kwalba har baki, na toshe yadda aka koya mini, kada iska ta shiga. Sannan na zagaya bayan madafa. Matan wajenmu in sun tsefe kai ba sa yar da gashin da ya zube, don kada wani ya tsinta ya yi musu asiri. Dunƙule shi suke yi su cusa a tsagar bango. Na san tsagar da take cusa nata. Na sa yatsa. Yana nan, wuta ba ta kai gare shi ba. Na sa shi cikin hulata na mayar kaina.

Na daɗe ina yawo da shi kafin bakina ya buɗe. Wata azahar ɗalibai sun fita cin abinci, Dakta ita kaɗai, injin yana ta gurnaninsa. Na cire hula na ajiye dunƙulen a kan tebur.

Ta duba. "Baba, wannan ai na mutum ne."

"Na iyalina ne."

"Tana ina?"

"Abin da na kawo a tambayi injin ke nan. A duba ruwan da take sha, sai a nuna mini a taswira. Sauran ni zan yi."

Ta cire tabaranta. Ta jawo kujera ta ce in zauna, ban zauna ba.

"Baba, gashi yana ɗaukar labari ne muddin yana kan mutum. Ranar da ya zube, ranar ya yi shiru. Abin da ya wuce kawai zai faɗa."

"Saniyar fa?"

"Saniyar ma ba mu san inda take yau ba. Wataƙila ma an yan..." Ta kama bakinta. Na ji abin da ba ta ƙarasa ba.

Na ce, "A auna duk da haka."

"Injin ƙona shi yake yi. Abin da ya shiga ba ya dawowa."

"Na sani. Ni nake kwashe tokar."

Sili kaɗan ta zaɓa, mafiya tsawo. Ni na wanke su, ni na yayyanka, ni na naɗe. Ƙamshin man kaɗanya ya tashi da na sa su a ruwan wanki.

Da sakamako ya fito ta kira ni. Ta ce yawancin gashin ya yi daidai da kwalbar da na ciko daga rijiyar gidana. Ta ce dawa da gero matar take ci. Sai ta sa yatsa a tsakiyar zanen da injin ya fitar. "Amma nan, na ɗan lokaci, ta sha wani ruwa daban. Kamar ruwan kogi."

Na ce, "Kusiri, bakin kogi. Ta je jinyar mahaifiyarta."

Ban taɓa gaya wa kowa a Garwa wannan ba. Ƙarfe ya san matata. Ya san inda ta je, ya san ta dawo gida. Daga nan bai san komai ba, kamar ni.

Dakta ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Na ce akwai kwalabe a wurin wanki, na tafi na wanke.

Abin da na koya ke nan: abin da mutum ya bari a baya yana iya yi masa shaida, amma ba ya kai ka inda yake. Da injin da malamin duba, a nan duk ɗaya suke. Tun ranar na daina tambayar kowa sai Allah.

Yanzu ina unguwar Jambutu a nan Garwa, ɗaki ɗaya, ni kaɗai. Har yau ina wanke kwalabe. Ban ƙara aure ba, ban kuma yi zaman makokinta ba, don ba wanda ya ce mini ta mutu. Sauran gashin na cusa shi a tsagar bangon ɗakina. Ita ba ta son a bar shi a fili.