Ƙwaryar da Ba Ta Riƙe Nono

A gidanmu na Gwiwa, Kaka Hajjo ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo, garwashi ya rage na jin ɗumi. Sai ta miƙe ƙafa ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi shi ya so." Shekarun samun 'yancin kai ne, amma mu duniyarmu ba ta wuce bakin murhun nan ba.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta gyartai, mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Wata Bafulatana ta kawo masa ƙwaryar nonon da ta gada wurin uwarta. Ya ɗinke ta tsaf, ko tsagar ba ka gani. Ya san za ta riƙe gero, ba za ta riƙe nono ba, amma ganin murnar matar sai ya ji nauyin faɗa. Ta cika ta, ta ɗora a ka. Kafin ta isa kasuwa nonon ya tsiyaye a bayanta.

"Ɗinki rabin aiki ne," in ji Kaka. "Sauran rabin a baki yake. Ka gaya wa mai kaya abin da kayansa zai iya ɗauka." Mu kuwa dariyar jiƙaƙƙen zane kawai muke yi.

Da arzikin mai ya zo, kowane ma'aikaci ya sayi babur, na zama makanike a bakin tashar Kazaure. Malam Sule, malamin gona, sa'an mahaifina, wurina yake gyara. Wata rana wayar birkinsa ta tsinke, babu sabuwa sai an je Kano. Na haɗa ta da ƙulli. Na san za ta yi yawon cikin gari, ba za ta yi gangaren duwatsun Roni ba, shi kuma can za shi sunan jikansa.

Ya ce, "Ɗana, ya gyaru?"

Ina zan ce wa dattijo ya fasa tafiya? Na durƙusa na ce, "Ya gyaru, Baba."

Washegari babur ɗin ya ƙwace masa a gangaren Roni, aka yi jana'izarsa. Na tsaya a sahu, ban ji komai ba. Na dawo na ci abinci, na liƙe wata taya.

Bayan sadakar arba'in ɗansa Habu ya turo babur ɗin, gabansa a lanƙwashe. Na bi kayan jikin babur ɗin ɗaya bayan ɗaya ina faɗa wa Habu abin da zai gyaru da wanda ba zai gyaru ba, har na zo kan wayar birki. Ƙullina yana nan, a warware. Na tsallake ta, na wuce kan fitila.

"Duk yadda ka ce," in ji Habu. "Baba kullum cewa yake kai ba ka ɓoye masa komai."

Tun daga ranar babu babur ɗin da ya bar hannuna ban gaya wa mai shi inda zai iya zuwa da inda ba zai iya ba. Suna cewa na cika surutu, kuma suna dawowa. Habu ma har yau wurina yake gyara, yanzu da furfurarsa. Ina faɗa masa komai, ban da wannan ɗaya.