Agogon Lung Inkham

Aikina a tashar sauraron sama da ke kwarinmu, gabas da Chiang Mai, shi ne zuba giris a haƙoran ƙarfen da ke juya babban faifan ƙarfen da ke fuskantar sama. Masana sun ce faifan yana jin taurari, kuma watakila wata rana ya jiyo wasu halittu a wata duniyar. Ni abin da na sani, in ban zuba giris ba, ba zai juya ba.

Dokar wurin ita ce kada a shiga da abin da ke aika saƙo ta iska. Waya a wurin maigadi ake barinta. Injin fetur ma ba ya shiga, don tartsatsinsa yana cika wa faifan kunne. Saboda haka ciyawar filin sai da lauje, kuma a duk ƙauyen mutum ɗaya ya rage da bai raina lauje ba, wato Lung Inkham. “Lung” a wurinmu kamar a ce baffa ne.

Manomin shinkafa ne tun tasowarsa. Da matarsa ta rasu ya bar wa ƙanensa gonar, 'yarsa Buaphan kuma ta tafi aikin masana'anta a Rayong. Gidan ya yi masa girma. Filin tashar ne ya zama gidansa. Kullum da safe yakan fara tsayawa a ɗan ɗakin iskokin wuri da ke bakin shinge, ya ajiye curin shinkafa mai danƙo da jan lemon kwalba, ya kunna turaren tsinke, sannan ya sunkuya yankan ciyawa. Ba mai magana ba ne, shi ya sa muka shaƙu. Sau ɗaya ya taɓa tambayata ko da gaske akwai mutane a can sama. Na ce masa ni giris aka ba ni, ba amsa ba. Ya ce shi a ganinsa fili mai faɗi haka ba zai rasa mai noma shi ba.

A daminar bara ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa. Likita ya ce zuciya ce. Buaphan ta zo da niyyar tafiya da shi, ya ƙi. A ƙarshe ta ɗaura masa wani baƙin agogo, ta sa ya yi mata alkawari ba zai cire ba. In ya cire, ta ce, ranar zai tattara kayansa. Shi agogo ya ɗauke shi. Maigadi ma agogo ya gani.

Bayan ya dawo aiki, Malama Wilai, ɗaya daga cikin masanan, ta fara ganin wani ɗan sauti a na'urarta. Yakan zo da hantsi, a tsare, ya ɗauke da rana. A wurin cin abinci ta yi raha cewa maƙwabtanmu na sama sun fara sallama. Ita wasa take yi, ta san yawancin irin wannan daga ƙasa yake fitowa. Amma maganar ta isa kunnen Lung Inkham ba tare da dariyar ba.

Washegari na ga kwalba biyu a ɗakin iskokin. Maigadinmu, mai suna Sanan, ya ce, “Lung, in baƙin naka ba sa shan ja fa? Ka bar mini ita kawai.”

“Baƙo daga nesa ba ya tarar da gida babu ko ruwa,” in ji tsohon.

Ban taɓa ganinsa da ƙarfi kamar a makonnin nan ba. Ya share gindin faifan tas, ya koma yanka kusa da shi don ko an zo a ga wurin da kyau. Sautin kuwa sai ƙara ƙarfi yake.

Malama Wilai ta fito da wata na'ura ta hannu tana zagaya filin. Ta bi ta ɗakin wutar lantarki, ta bi ta wajena, har ta tsaya a kan tsohon yana sunkuye. Ina saman faifan ina kallonsu. Ta haɗa hannu ta gaishe shi, ta roƙe shi ya miƙo wuyan hannunsa. Ashe agogon nan bugun zuciyarsa yake aika wa wayar Buaphan ta iska, shi faifan yake ji.

Ba wanda ya yi masa faɗa. An dai ce agogon ba zai ƙara wuce ƙofa ba. Ya bar shi wurin Sanan, ya ci gaba da aikinsa. Sai dai ya san alkawarin da ya ɗauka.

Da rana muka zauna a inuwar faifan. Ya buɗe kwandon shinkafarsa bai ci ba. Na ce masa ya riƙa ajiye abin a ƙofa mana, in Buaphan ta kira mu ce caji ya ƙare. Ya shafa wuyan hannunsa inda agogon yake zama.

“Ashe ni suke ji,” ya ce. Can ya ɗaga kai ya dubi faifan. “Wannan shekara da shekaru yana sauraro, ba wanda ya amsa masa. Ita ma yarinyar sauraro take yi, ƙanena. Ba zan sa ta ji shiru ba.”

Ya karɓo agogon ya ɗaura, ya nemi izinin ya ƙarasa gefen da ya fara da shi a hannu, aka kashe na'urorin na yinin. Ya yanke shi har bakin shinge, ya wasa laujen, ya naɗe shi a tsumma ya ba ni. Ranar Asabar Buaphan ta zo ta tafi da shi.

Yanzu yana hawa na huɗu na wani bene a Rayong, inda babu ko tsinken ciyawa. Sautin ya ɓace daga na'urar Malama Wilai, kuma har yau wani bai zo ba. Ni nake yankan filin in na sauko daga giris, kuma ban iya kamar shi ba. Kwalba ta biyun ma ni nake ajiyewa. Ban ce na yarda akwai kowa a can ba. Shi ne ya ce kada a bari wurin ya zama babu ruwa.