Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mani, in kuma da mutane ta ce "waccan". Ba ta cin abinci a gabana, ba ta yabona ko na yi abin yabo. Kunya ce irin ta mutanen da, na kuma saba da ita.

To, wata Laraba da hantsi na je gaishe ta a gidanmu na Ƙofar Guga, sai ta ɗago ta kira sunana na yanka, ta kama hannuna ta ce in hau gadonta in zauna. Na hau na zauna. Daga nan ta shiga tambaya ko Baba ya dawo daga kasuwa, mutumin da ya daɗe da rasuwa.

Ƙanena ya ce tsufa ne ya zo, sai haƙuri. Na ce wane irin tsufa ne yake zuwa cikin kwana biyu? Shekaranjiya fa matar nan ta gyara maka karatu kana tsakiyar sura. Na wanke shi tas, don tsoro nake ji kada hankalin Inna ya tafi ke nan muna zaune muna cewa haƙuri.

Na leƙa wurin maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Filato da ta yi ritaya, Sista muke ce mata. Ta zo ta gaida Inna, ta taɓa goshinta, ta tambaya ko tana yawan zagayawa. Matar ƙanena ta ce buta ba ta huta ba tun shekaranjiya, kuma Inna tana yamutsa fuska in ta fito daga banɗaki. Sista ta koma gida ta ɗauko wata 'yar kwalba cike da tsinkayen gwaji, sirara masu ɗigo-ɗigon launi. Ta ce ciwon sanyin mafitsara yakan rikita tsofaffi haka, ko babu zazzaɓi.

"Samo mani fitsarinta a roba mai tsabta," in ji ta. "Ki bar na farko ya wuce, na tsakiya nake so."

Ni na kai Inna banɗaki, ni na riƙe robar. Matar da ko ɗankwali ba ta cirewa a gabana, ranar ko gardama ba ta yi ba. Nan na yi kukana na share.

Sista ta tsoma tsinke ɗaya ta cire, tana duban agogo, mu kuma mun yi cirko-cirko a kanta. Can wani ɗigo ya koma ruwan hoda, wani shunayya. Ta kara shi da launukan jikin kwalbar.

"Ga shi nan. Amma tsinke nuni kawai yake yi. Ku kai ta asibiti yau su auna, su rubuta magani."

Ban taɓa murnar jin uwata na da ciwo ba sai ranar, don wannan dai yana da magani. Asibiti suka tabbatar, suka rubuta. Na tare a gidan ina ba ta ƙwayoyi da ruwa, tana ta kiran sunana safe da yamma. Ba zan ɓoye ba, ya yi mani daɗi, da ƙarfi nake amsawa.

Rana ta biyar na kawo mata kunu. Ta dube ni, ta gyara mayafi, ta juya wajen matar ƙanena.

"Ki ce wa waccan ta koma ɗakin mijinta, me ta zauna yi mani nan? Kuma tsamiya ta yi yawa a kunun."

Na ajiye kofin, na fita tsakar gida na rangaɗa guɗa, har Sista ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi. Na ce mata Inna ce ta dawo. Har yau ba ta sake kiran sunana ba, kuma Allah ya sa ta daɗe ba ta kira ba.