Tsiron da aka ciro daga tumbin Baba

Jama'a, yau na ga cikin Baba da idona a talabijin!

Tun damina yake ciwon ciki. Ya dage sammu aka yi masa, har ya daina cin abincin gidan ƙaninsa, Baffa Sule. Da ƙyar na lallaɓa shi muka taho asibiti Kano daga Tsanyawa.

Likitar ta bar ni na tsaya. Ta zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki. Sai ga wani tsiro a jikin tumbinsa, kamar ƙwayar wake. Ta zarge shi da waya ta tsinke nan take.

Da ya wartsake ta nuna masa a kwalba. Ya ce, "Hajiya, wa ya sa min wannan?"

Ta ce, "Ba kowa, Baba, jiki ke fitar da shi. Za mu kai a gwada, amma yawanci ba kansa ba ne. Ciwon naka olsa ce, kuma tana jin magani."

Da muka isa tasha ya ce in kira masa Baffa Sule a waya. Yana ɗauka Baba ya ce, "Sule, a dama min kunu. Gidanka zan sauka."