Soso Huɗu da Na Bari a Hancin Motar Arvo

Mijina Arvo Kangas ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa babbar mota a ramin haƙar tama na Hibbing, ko fenti bai taɓa gogewa ba. Da ya yi ritaya sai ya sayi ƙaramar mota mai aiki da fetur da batir, ya mai da kula da ita sana'a.

Abin da ke damun irin wannan mota a garinmu sanyi ne. Injin ba ya ɗumi da wuri, sai ya yi ta shan mai. Arvo ya samo magani: baƙin soson nan da ake naɗe bututun ruwa da shi. Yakan yanka shi daidai, ya cusa a ragar hancin motar don iska ta daina dukan lagireto. Uku a ragar sama, huɗu a ta ƙasa, inda sai an durƙusa. Yana sa su ranar da raɓa ta fara daskarewa a gilashi, ya cire ranar da ƙanƙarar tafki ta narke. In zafi ya riske su a ciki, inji ya dahu.

"Malam injiniya," nakan ce, "ka toshe wa mota hanci kamar mai mura."

"Ƙarin mil shida a kowane galan, Lorraine. Ke me kika taɓa ƙarawa a gidan nan?"

"Haƙuri."

Shekarar da ya cika saba'in da takwas aka yi masa aiki a gwiwa. Yana zaune a kujera, maganin ciwo ya sa shi layi, ya ce, "Ƙanƙarar tafki ta narke. Je ki cire min soson."

Na fita. Na zare ukun sama. Na dubi na ƙasa, na dubi caɓin da ke bakin gareji, na dubi wandon zuwa cocin da ke jikina. Na ce a raina, sai gobe.

"Kin cire?"

"Na cire."

"Duka?"

"Arvo, na ce maka na cire."

Ban sake tunawa da su ba. A watan Yuni muka kama hanyar Duluth, bikin gama makarantar jikarmu. Wannan ne tuƙinsa mai nisa na farko tun bayan aikin, har fito yake yi. A kan hawa jar fitilar gargaɗi ta kunnu, wari ya cika motar. Ɗanmu Curtis yana biye da mu, shi da matarsa. Ya tsaya, ya durƙusa, ya zaro soso huɗu, duk sun lanƙwashe.

"Baba, watan Yuni fa muke ciki."

Arvo ya daɗe yana kallon su. Bai riƙe komai na watan aikin nan ba, magani ya shafe. Ya ce, "Na manta ke nan."

Ina tsaye a bakin titi, rungume da tukunyar abincin biki. Magana ɗaya ce za ta wanke shi. Ban yi ba, don ba na son surukata ta ga wautata. Dalilin ke nan, babu wani.

Dama yaran sun daɗe suna neman hujjar raba shi da tuƙi. A makon nan Curtis ya karɓe makullin mota daga hannunsa. An gyara motar, ta zama tawa. Likita ya gwada Arvo, bai ga komai ba, amma shi ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Ya fara manna takardun tunatarwa a jikin firji da ƙofa. Yakan koma sau uku ya duba murhu. Ya daina gardama da ni, wannan ya fi komai ba ni haushi.

Sai da sanyi biyu suka wuce na faɗa masa, muna karin kumallo.

"Ba kai ka manta da soson nan ba. Ni ka aika. Na ce maka na cire."

Ya ajiye wuƙa. "Nawa kika cire?"

"Uku."

"Bakwai ne."

"Na sani."

Ya ci gaba da shafa man shanu a burodi. Na so ya zage ni, da na samu abin ramawa.

"Zan kira Curtis ya dawo maka da makulli," na ce.

"Bar shi. A da lafiyata lau. Yanzu kam tsoron hanya nake ji."

Na kira Curtis duk da haka, na gaya masa komai. Ya kawo makullin. Makullin yana nan rataye a ƙusa a bakin ƙofa, Arvo bai taɓa shi ba.

Yanzu ni nake sa soson, ni nake cirewa. Yakan zauna a kujera a bakin gareji da sandarsa, ni kuma na durƙusa a caɓin, ina ƙirgawa da ƙarfi don ya ji. Bai taɓa sa ni yin haka ba. Amma sai na kai bakwai yake tashi.